Riga ta fito, fuska ta ɓace: tarihin wata tsohuwar matsalar hoto

Hoto guda ɗaya tak kakanmu ya bar muna, wanda aka ɗauke shi ranar Sallah a Karakara, da tsakar rana. Farar rigarsa da rawaninsa sun fito tas, amma fuskar duhu ce kawai. Yau jikokinsa ba su san kamanninsa ba. Na san gidaje da yawa daga nan har Gaya da Kamba suna da irin wanga hoto a cikin akwati.

Ba laifin mai hoto ba ne shi kaɗai. Idon mutum yana ganin abin da ke rana da wanda ke inuwa a lokaci guda, ita kuwa kyamara sai ta zaɓi ɗaya. In ta bi hasken riga, fuska ta yi duhu. In ta bi fuska, rigar ta ƙone.

Matsalar ta daɗe. A 1857, wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya ɗauki hoton teku a garin Sète da gilashi biyu, ɗaya don ruwa, ɗaya don sararin sama, sannan ya haɗa su a takarda guda. Tushen abin da ake ce ma HDR ke nan: a ɗauki wuri ɗaya sau da yawa da haske daban-daban, a haɗe.

Mu baƙar fata kuma, namu ya zo da ƙari. A shekarun 1950, kamfanin Kodak ya fara raba ma masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi aka riƙa daidaita launi. Sai da masu sayar da cakulan da kayan katako suka koka cewa hajarsu ba ta fitowa da kyau, sannan aka fara kula da launuka masu duhu. Katin da ke da mata masu launin fata iri-iri bai fito ba sai a shekarun 1990.

Masu hotonmu ba su zauna jira ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, ya rataya zane a bayansu. Ku duba hotunansa: ga adon riga, ga fuska, kowanne ya fito.

A 2010 Apple ya saka HDR cikin iPhone, yanzu kuwa har salular da ke aljihunka mai yiwuwa tana da shi. To yaya za a mora?

Mai salula ya kunna HDR, ya taɓa fuskar mutum a kan gilashi, ya riƙe hannu kyam, a kuma ce ma wanda ake ɗauka kada ya motsa, don motsi na sa hoto ya fito bibbiyu. Mai babbar kyamara ya nemi maɗori mai ƙafa uku kafin ya yi tunanin sabon ruwan tabarau. Ya sa ISO 100, ya bar faɗin idon kyamara a f/8, ya canza saurin ɗauka kaɗai, ya ɗauki uku: -2, 0 da +2. In kyamarar na da RAW, ya ajiye da shi. Mafi sauƙi duka, a kai tsoho gindin bedi ko ƙofar zaure, ko a jira bayan la'asar.

Jama'a, tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wanda nasa ke raye, ya ɗauke shi wanga mako, kuma kafin ya tashi ya duba ko fuskar ta fito. Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.