Hutun Alhamis da Hutun Lahadi

Ana yawan cewa Bature ne ya koya wa Bahaushe hutu, wai kafin zuwansa babu abin da aka sani sai aiki daga fitowar rana har faɗuwarta. Tarihin mako a ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan magana ba. Sunayen ranakun nan bakwai, daga Lahadi har Asabar, daga Larabci suka zo tare da Musulunci, ƙarnoni kafin Ingila ta ci Kano a 1903, kuma sun yi kaka-gida har ana raɗa wa yara su: Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe. Mutanen da ke sa wa ɗansu sunan ranar da aka haife shi ba za a ce ba sa lissafin kwanaki ba. Abin da Bature ya kawo shi ne mako na biyu, ya ɗora a kan na farko, kuma daga nan rikicin tsara lokaci ya samo asali.

Makon farko a makarantar allo ya fi fitowa fili. Karatu daga Asabar ne zuwa Laraba. Ranar Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba, a jingine alluna, Alhamis da Juma'a kuwa na wanki ne da aski da ɗan neman na sabulu. Malamai na danganta wannan hutu ga Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, kuma ko yaya asalinsa yake, ya zama ƙa'idar da tsangaya a Katsina da ta Damagaram ke bi ba tare da wata takarda daga hukuma ba. Kasuwa ma da nata lissafin. Maigatari na ci ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, don haka falke ko dillalin shanu ya san inda zai kwana kowane dare ba tare da ya rubuta komai ba. A gandu kuma, 'ya'ya na yi wa uba noma da hantsi zuwa azahar, yamma ta zama tasu, su shiga gayaunarsu. Babu wanda ya zauna shi kaɗai ya zaɓi ranar hutunsa a cikin waɗannan tsare-tsare. Jama'a ce ke tsayawa tare, shi ya sa hutun ke da amfani: abokin da za ka ziyarta shi ma yana gida.

Mai musu zai ce Juma'a ba ranar hutu ba ce a Musulunci, kuma gaskiyarsa. Ciniki ake bari idan an yi kiran salla, da an idar kowa ya koma nemansa. Amma wannan yana auna hutu ne da ma'aunin ofis, inda sai an rufe ƙofa yini guda ake cewa an huta. Juma'ar Bahaushe rana ce ta sabon wanki da gaishe da iyaye da zumunci, kuma aikin da hutu ke yi ke nan a rayuwar mutum. Wani kuma zai ce ai awoyin ne abin lura, ko wace rana suka faɗo. Tarayyar Sobiyet ta gwada hakan a 1929: ta raba ma'aikata rukuni biyar, kowanne da ranar hutunsa daban, don kada injuna su tsaya. Kwanakin hutu sun ƙaru a lissafi, amma miji na gida mata na masana'anta, yara na makaranta. Tsarin bai yi ƙarko ba, kuma a 1940 aka koma mako mai kwana bakwai.

Makon Bature ya shigo ne ta ofishin Razdan da makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909 da layin dogo da ya iso Kano a 1911. Ranar hutunsa Lahadi ce, daga baya Asabar ta biyo. Kalmar sati kanta, in ji masana harshe, daga sunan Asabar a Turanci aka aro ta. Wannan mako bai kori na farko ba, sai dai suka zauna gida ɗaya kamar kishiyoyi, kowace da ranar girkinta. Gwamnatoci na ta neman sasanta su: Saudiyya ta mayar da hutunta daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar a 2013, jihar Kaduna kuma a Disambar 2021 ta fara rage zuwa ofis ya koma kwana huɗu. Amma wanda nauyin ya fi faɗa wa ba ma'aikaci ba ne. Yaron da ke boko daga Litinin zuwa Juma'a, yake kuma Islamiyya ko allo daga Asabar zuwa Laraba, yana da hutu biyu a takarda. Ranar Alhamis yana aji, ranar Lahadi yana gaban malam, kuma a cikin kwana bakwai babu ɗaya da duka makarantun biyu suka sake shi.