Tarihin Sana'ar Binciken Illa a Kwamfutar Linux

Duk wanda ya sayi kwamfutar tebur a kasuwa, galibi yakan same ta da tsarin Windows a cikinta, kamfanonin da suka ƙera sassanta kuma sun riga sun rubuta wa kowane sashe ƙaramar manhajar da ake kira direba, watau wadda ke isar da umarni tsakanin tsarin da ƙarfen. Amma mutumin da ya zaɓi ya ɗora wa kwamfutarsa Linux, musamman a shekaru goma sha biyar na farkon wannan tsari, sai ya tarar babu kamfanin da ya ɗauki alhakinsa, babu kuma kantin da zai kai ƙara idan allo ya ƙi nuna hoto ko sauti ya ƙi fita. Daga wannan maraici ne wata sana'a ta tsiro, mai usulinta da ladubbanta, wadda ginshiƙinta shi ne a rarrabe illar ƙarfe da illar manhaja bisa hujja, ba bisa zato ba.

Asalin lamarin ya girmi Linux kansa. A wajen shekarar 1980, a ɗakin binciken fasahar kwamfuta na jami'ar MIT da ke Amurka, akwai wata na'urar buga takardu ƙirar Xerox wadda takarda ke yawan maƙalewa a cikinta, mutane kuma su yi ta jiran aikinsu ba su sani ba. Richard Stallman, wanda a dā ya gyara manhajar tsohuwar na'urarsu har ta riƙa sanar da masu jira idan ta cije, ya nemi matanin manhajar sabuwar domin ya yi mata irin wannan gyara, sai aka hana shi, saboda wanda ke riƙe da matanin ya yi alkawarin ɓoye shi. Wannan hani yana daga cikin dalilan da suka sa a watan Satumba na 1983 ya yi shelar ƙudurinsa na gina tsarin GNU, wanda kowa zai iya karanta matanin manhajarsa, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Don haka ƙa'idar farko ta wannan sana'a ta kafu tun kafin a sami masu yin ta, watau cewa ba a iya warkar da abin da aka hana mutum dubawa.

A watan Janairu na 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sayi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel 386, daga baya kuma ya fara rubuta zuciyar tsari, wadda ake kira kanel, domin amfanin kansa, ita ce ta zama Linux. Fitowar farko ta wannan kanel, a watan Satumba na shekarar, ba ta san komai ba sai irin kayan da ke cikin kwamfutar mai ita: nau'in faifan ajiya guda, da madannai masu jerin haruffan mutanen Finlan. Wanda kayansa suka saɓa wa na Linus, to, ko dai ya haƙura, ko ya zauna ya rubuta direban da kansa ya aika a haɗa. Ta haka aka yi ta tara direbobi ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da Linux 1.0 a watan Maris na 1994. A wannan zamani kuwa da wuya a bambanta mai amfani da tsarin da mai gyaransa, domin larura ta mai da su mutum guda.

Babu fagen da ya fi wahalar da mutanen farko kamar allo. Manhajar XFree86, wadda ta bayyana a 1992 domin nuna tagogi da hotuna, tana bukatar mai kwamfuta ya rubuta mata da hannunsa, a cikin wani fayil, saurin da allonsa ke iya zana layuka a kwance da a tsaye, da wasu jerin lambobi na lokaci waɗanda sai an yi hisabi kafin a same su. Littattafan jagora kuma suna gargaɗi a fili cewa wanda ya ba tsohon allo lambar da ta fi ƙarfinsa yana iya ƙona shi. Mutum kan nemi takardar da ta zo da allon, idan ta ɓace kuma ya yi kirdado yana addu'a. Haka nan katunan sauti da na sadarwa na wancan lokaci suna da 'yan ƙananan maɓallai da ake cirewa a sauya musu gurbi domin a zaɓa wa kati lambar da zai riƙa kiran ƙwaƙwalwa da ita, idan kuwa kati biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya, kamar yadda katin sauti da mashigar na'urar buga takardu kan haɗu a lamba ta 7, sai ɗayansu ya yi shiru ko kwamfutar ta sandare gaba ɗaya. A nan ne masu sana'ar suka koyi ladabi na biyu: a sauya abu guda tak a kowane gwaji, a kuma rubuta abin da aka sauya, domin wanda ya taɓa abu uku lokaci ɗaya, ko ya dace ba zai san da wanne ya dace ba.

A ƙarshen shekarun 1990 wata sabuwar fitina ta kunno, lokacin da kamfanoni suka fara sayar da modem mai araha wanda aka rage masa kayan ciki, aka mai da mafi yawan aikinsa kan wata manhaja da ba ta tafiya sai a Windows. Tun da a lokacin ta layin tarho ake shiga intanet, wanda ya faɗa hannun irin wannan modem yakan rasa hanyar da zai bi ya nemo maganin ciwon nasa, fatawar da aka fi ba shi kuwa ita ce ya sayi modem na waje mai igiya. Da zamanin sadarwa marar waya ya zo aka maimaita wannan ƙissa, har a 2003 aka ƙirƙiro wata dabara mai suna NDISwrapper wadda ke aro direban Windows ta sa shi aiki a cikin Linux. Daga nan aka ɗauki al'adar da har yau masana ke bi, ta bincika sunan ainihin ƙwayar lantarkin da ke cikin kati kafin a biya kuɗi, saboda sunan da ke jikin kwali yakan zauna yadda yake alhali an sauya abin da ke ciki.

Mas'alar da ta fi kowace zurfi ita ce gane ko laifin na ƙarfe ne ko na manhaja, kuma hanyar da aka warware ta abin a tsaya a duba ne. Mutanen farko sun saba harhaɗa kanel da kansu daga matani, aiki mai nauyi da ke cika ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ake kira ram, har ya ɗumama ƙwaƙwalwa. Sau da yawa aikin kan yanke a tsakiya da wani saƙo da ake kira sigina ta 11, mai shi kuma ya yi ta zargin manhajar. Sai masu lura suka kafa wani ma'auni mai sauƙi: a sake aikin, idan ya tsaya a daidai inda ya tsaya ɗazu, to illar tana cikin manhaja, domin manhaja ba ta sauya hali a kan abu guda, idan kuwa yau ya tsaya nan gobe ya tsaya can, to a tuhumi ram, ko zafi, ko wutar da ke shiga na'urar. A 1994 Chris Brady ya fitar da Memtest86, manhajar da ake tada kwamfuta da ita ba tare da wani tsari ba, ta yi ta rubuta lambobi a kowane gurbi na ram tana sake karantawa, ta fallasa gurbin da ya saɓa. A shekarar 2000 kuma Klaus Knopper na Jamus ya kawo Knoppix, cikakken Linux mai tashi daga faifan CD ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba, wanda ya zama shaida adali a wannan shari'a: idan na'ura ta yi lafiya da shi, laifin na tsarin da aka girka ne, idan kuma ta ci gaba da ciwonta, sai a buɗe murfi.

Amma shaidar da ta fi kowace daraja ita ce ta kwamfutar kanta. Linux ya gaji daga tsarin Unix ɗabi'ar rubuta duk abin da ya gudana, tun daga lokacin da kanel ya farka yana lissafa kayan da ya samu har zuwa kuskuren ƙarshe da ya auku. Umarnin dmesg yana karanto wannan bayani, lspci yana faɗin sunan kowane kati da lambarsa, sauran labarai kuma suna taruwa a kundin ajiya na tsarin. Saboda haka wanda ya zo wa masana da cewa kwamfutarsa ta lalace kawai, ba a sauraronsa sai ya kawo nassin saƙon harafi da harafi, da lambar kanel ɗinsa, da abin da ya yi kafin abin ya faru. Tun farkon shekarun 2000 ma aka sa kanel ya riƙa yi wa kansa alama idan an cusa masa direban da aka ɓoye mataninsa, masu kula da shi kuma sukan ƙi karɓar ƙara mai ɗauke da wannan alama, domin ba su yanke hukunci a kan abin da ba su da ikon karantawa.

Wani lokaci kuma laifin kan rabu tsakanin ɓangarorin biyu ta yadda sai an yi tahƙiƙi mai tsawo. A 2003, da aka fitar da Mandrake Linux 9.2, wasu na'urorin karanta CD ƙirar LG suka riƙa mutuwa murus yayin girka tsarin. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa kanel yana aika musu wani umarni sananne a ƙa'idar irin waɗannan na'urori, su kuwa an ƙera su ne suna fassara wannan umarni da cewa a sauya manhajar da ke cikin jikinsu, sai su goge ta. Linux ne ya aika saƙon, amma na'urar ce ta saɓa wa ƙa'ida, aka kuma gyara ta ɓangarorin biyu.

Kayan aiki mafi kaifi ya zo a 2005, lokacin da Torvalds ya rubuta Git domin adana tarihin kowane sauyi da aka yi wa kanel, da sunan wanda ya yi shi, da dalilinsa, kowane sauyi yana ɗamfare da wanda ya gabace shi. Abin ya yi kama da aikin malaman hadisi, waɗanda idan suka ji wata illa a riwaya sukan bi isnadi mutum bayan mutum har su tsaya a kan wanda ta shigo ta hannunsa. Idan katin sautin mutum yana aiki da tsohon kanel ya daina da sabo, sai Git ya ba shi kanel na tsakiyar zangon ya gwada, ya faɗi ko lafiya ko babu, a zubar da rabin da ya kuɓuta, a sake raba sauran biyu. Da yake kowane gwaji yana rage rabi, sauye-sauye 1,000 ba su bukatar fiye da gwaji 10 kafin a kama mai laifi. Da wannan, mutumin da bai iya rubuta manhaja ba, amma yana da na'urar da masana ba su da irinta, ya sami ikon miƙa musu hujja yankakkiya.

Sannu a hankali wahalhalun farko suka yi sauƙi. Manhajar APT ta Debian, wani nau'in Linux, wadda ta shiga fitowarsa ta 1999, ta ɗauke wa mutane neman kowace manhaja da waɗanda ta dogara a kansu. Tsarin ajiya na ext3, da ya shiga kanel a 2001, ya rage dogon binciken faifai da asarar fayiloli bayan ɗaukewar wuta, ni'imar da mazauna ƙasashen da lantarki ba ya zama, irin namu, suka fi kowa sanin ƙimarta. Alluna suka koyi faɗa wa kwamfuta iyakar ƙarfinsu da kansu, aka daina hisabin lambobi. Ubuntu, wani nau'in Linux wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, ya riƙa aika faifansa kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011. A 2007 Greg Kroah-Hartman ya yi wa kamfanoni tayin a rubuta musu direbobi kyauta idan sun ba da bayanin kayansu, a shekarar kuma AMD ta fara buɗe sirrin katunanta na hoto. Nvidia ta daɗe tana turjiya, har Torvalds ya yi mata tofin Allah tsine a bainar jama'a a jami'ar Aalto a 2012, sai a 2022 ta saki matanin ɓangaren direbanta da ke shiga kanel.

A yau mafi yawan kwamfutocin tebur suna iya tashi da Linux ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba, amma sirrin bai gushe ba, gurbi ya sauya: ya koma cikin manhajojin da kamfanoni ke dasawa a jikin katuna da allon uwa, inda kanel ba ya gani. Don haka illolin da suka rage, irin su kwamfutar da ke ƙin farkawa bayan an sa ta barci, sun fi na dā ƙaranci amma sun fi su ɓuya, kuma ba su da magani sai usulin da magabata suka kafa: a karanta abin da na'ura ta rubuta, a sauya abu guda, a gwada da wani tsari, a raba zango biyu. Wanda ya kiyaye waɗannan huɗu, ko da bai gyara kwamfutarsa da hannunsa ba, zai kai ƙara wadda mai gyara zai iya aiki da ita, gyaran kuma idan ya shiga kanel ya wadatar da duk mai irin wannan na'ura.