Labarin Jirgin Ƙasa Na Wasan Yara



Ka tuna lokacin da kake yaro, in an gama girbi kara ya bushe? Ku tafi gona ku ɗebo sille, ku fere shi, ku fid da totuwa. Ku sami sakaina ku yi ƙafafu, ku soke da ƙayar aduwa. Kafin azahar mota ta tashi. Kai ne direba, kai ne yaron mota, bakinka shi ne injin.

Yaro abin da ya gani shi yake ƙerawa. Mu kamyo muka gani, masu ɗaukar gujiya zuwa Kano, shi ya sa muka yi motar kara. Yaran Turai su jirgin ƙasa suka gani. Nasu abin wasa har kantuna gare shi, har akwai tsofaffi masu tara shi. Tarihinsa za mu ba ka yau. Ka bi mu sannu, don a cikin labarin akwai wani jirgi da ya shafi hamadarmu.

Mafarin abin

Jirgin ƙasa na gaskiya ya fara aiki a Ingila cikin shekarar 1825. A 1835 ya shiga Jamus. Wuta ake hura masa da gawayin dutse, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Yara suka gani, kowa yana son nasa.

Sai maƙera suka shiga yin ƙanana. Waɗansu na itace ne, waɗansu na gwangwani, a ɗaura igiya a ja. Akwai ma masu ƴar tukunya, a zuba ruwa a kunna wuta, su yi tafiya da kansu. Amma ba su da hanya. Sai su bi tsakar ɗaki suna yoyon ruwa, har su yi karo da bango.

Dabarar gidan Märklin

A Jamus akwai wani gari, Göppingen. A nan wani maƙerin gwangwani mai suna Märklin ya buɗe maƙera a 1859. Ƴan tukwane da ƴan kwanoni yake yi, na wasan ƴan mata. Ya rasu a 1866. Matarsa Karolina ba ta bar sana'ar ta mutu ba. Ita ce ta riƙa yawo gari gari tana tallan kayan, har ƴaƴanta suka girma suka karɓa.

A 1891 ƴaƴan suka kai wani sabon abu babbar kasuwar baje koli ta Leipzig. Ɗan jirgi ne da ake murɗa wa mabuɗi kamar agogon da. Kuma ga hanyarsa ta dogo, guntu guntu, ana haɗawa ana kwancewa.

To, ga inda dabarar take. Wanda ya sai wa ɗansa ganga, ciniki ya ƙare ke nan. Amma wanda ya sai jirgi, zai komo. Bana a sayi kan jirgi da tarago biyu. Baɗi yaro ya ce hanya ta yi kaɗan. Baɗin baɗaɗa yana son tasha, yana son gada. Kome ka sayo sai ya dace da na bara, don awonsu ɗaya ne. Daga nan tarawa ta samo asali, daga nan kuma kantunan jirgi suka sami abin ci.

A Amurka wani saurayi, Joshua Lionel Cowen, ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900. Jirginsa na fari da wutar lantarki yake tafiya. Ba don yara ya yi shi ba. Ya yi shi don a sa a gaban kanti, yana kewayawa, mutane su tsaya kallo su ga haja. Ashe masu kallo jirgin suke so, ba hajar ba.

A Ingila kuma akwai Frank Hornby, ma'aikacin ofis a Liverpool. Ya fara da yi wa ƴaƴansa abin wasa a gida. A 1920 jiragensa suka shiga kasuwa.

Kantunan jirgi

Irin waɗannan kantuna gabansu gilashi ne, daga sama har ƙasa. Bayan gilashin an shirya ƙaramar duniya. Ga dutse, ga kogi, ga ƙauye da shanunsa. Jirgi ya shiga rami cikin dutse, ya ɓullo ta can da ƴar fitilarsa. An ƙanƙanta kome bisa lissafi. Awon da ya fi yawa shi ne sau 87. Taragon da ya fi kamyo biyu tsawo, nasa na wasa bai kai kamu ɗaya ba.

A birnin Paris, kusa da babbar tashar Saint-Lazare, akwai wani lungu mai rufi da ake kira Passage du Havre. An san shi da kantunan jirgin wasa. A London an buɗe kantin Bassett-Lowke a 1908. A New York a da akwai Madison Hardware. A Liverpool wani mutum, Norman Hatton, ya buɗe nasa a 1946.

Babban ciniki lokacin sallarsu ta Nowel ake yinsa, cikin tsananin ɗari. In an tashi daga lakwal, yara su taru bakin gilashi su yi ta kallo. Kada ka zaci kowa yana iya saye. Jirgin lantarki abu ne mai tsada. Ɗan talaka sai ya karɓi littafin hotunan kayan, ya kai gida, ya yi ta dubawa har takarda ta tsufa. Wani ya yi wata da watanni yana tara ƴan kuɗinsa don tarago guda. Tsofaffinsu in suna tuna ƙuruciya, wannan tsayuwa bakin gilashi suke yawan faɗi.

Jirgin Alje zuwa Tumbutu

Yanzu ga wanda ya shafe mu. A Faransa, a garin Champagnole, wani mutum mai suna Georges Huard ya kafa kamfanin Jouef a 1944. Shi mai araha ya sa gaba, don ƴaƴan ma'aikata su samu. Wajen 1950 ya fid da jirginsa na fari, na gwangwani, mai mabuɗi. Ka san sunan da aka ba shi? Jirgin ƙetare Sahara, daga Alje zuwa Tumbutu.

Alhali kuwa babu wannan jirgi, kuma ba a taɓa yinsa ba. Faransawa dai sun daɗe suna burinsa. Sun aiki wani hafsan soja, Flatters, ya auna inda hanya za ta bi. A 1881 Abzinawan dutsen Hoggar suka tare shi bakin wata rijiya, suka kashe shi da mutanensa da yawa. A 1941, cikin babban yaƙin duniya na biyu, aka sake tada maganar. Aka sa fursunoni da ƴan gudun hijira aikin tilas cikin rana. Waɗansu can suka mutu. Dogon bai yi nisa ba, ya tsaya kudu kaɗan da garin Beshar na Aljeriya, aka bar shi.

Ka gani, jirgin da manya suka kasa yi da ƙarfe, an yi shi da gwangwani. Yaran Faransa suna murɗa mabuɗi, yana ƙetare hamada a tsakar ɗakinsu. Wanda ya riƙe ɗan jirgin nan yau, ya riƙe shaidar abin da Nasara suka ƙulla game da ƙasashenmu.

Kantuna sun rufe

Zamani riga ne. Daga wajen 1960 hankalin yara ya koma ga mota da jirgin sama da talabijin. Jirgin tururi na gaskiya ma ya bar aiki a Ingila a 1968. Daga baya wasannin kwamfuta suka zo, kuma mutane suka koma sayayya ta intanet.

Gidan ƙirar Hornby na Liverpool ya rufe a 1979. Madison Hardware ya rufe a 1989. Lungun nan na Paris aka sake gina shi bayan 1990, kantunan jirgi suka watse. A 2001 aikin Jouef ya tsaya a Champagnole, ma'aikata suka rasa abin yi. Märklin da kansa bashi ya kada shi a 2009, sai da wasu suka saye shi a 2013. Kantin Hatton shi ma ya rufe a 2024, bayan shekara 77 da ƴan watanni.

Masu tarawa

To, ina jiragen suka shiga? Da yawa sun yi tsatsa an zubar. Sauran suna hannun yaran nan na bakin gilashi, waɗanda suka zama dattawa. Abin da uba ya kasa sai musu, suka komo suna nema da kuɗinsu. A Amurka sun kafa ƙungiyar masu tarawa tun 1954.

Mai tarawa ba ya ajiye jirgi haka kawai. Yana da littafi. Yana rubuta wanda ya ƙera, da shekara, da inda ya samo shi. Yana adana har kwalin da jirgin ya zo ciki. Wanda ke da kwalinsa da tarihinsa ya fi daraja. Akwai tsoho ƙwarai wanda in an yi gwanjonsa, kuɗinsa ya fi na sabuwar mota. Da abin da suka tara ne ake sanin kamannin jiragen da, da tashoshi, har da tufafin ma'aikata.

Mu fa?

Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Duk ya tsaya kudu da iyaka. Namu mutane sai wanda ya je cin rani ya gan shi. Daga 2014 zuwa 2016 aka shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, amma bai shiga jigilar mutane da kaya ba. A 2021 aka fara aikin wani daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. In Allah ya sa ya iso, za ka ga yaranmu sun fara jirgin kara.

Amma ina motar karan da ka yi? Akuya ta cinye, ko an hura wuta da ita. Kamyon da ka kwaikwaya shi ma ya ɓace daga hanya. In jikanka ya tambaye ka kamanninsa, ba abin da za ka nuna masa.

Saboda haka ga shawara. In ka ga ɗanka ya duƙufa da kara, ko waya, ko gwangwanin madara, kada ka ce ɓata lokaci yake. Märklin ma da gwangwani ya fara. Ka zaɓi wadda ta fi kyau, ka rataye ta cikin ɗaki inda gara ba ta kai. Yanzu ka iya rubutu. Sami ƴar takarda ka rubuta sunan yaron, da garinku, da shekara, da irin motar da ya kwaikwaya. Ka ɗaura a jikinta.

Allah shi raya mana zuri'a, shi ba mu damina mai albarka. Amin.