Ragon Barbara: Waiwaye Kan Zaɓen Irin Tumaki a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Na tashi a gidan da ake kiwon tumaki, kuma abu na farko da na koya a wurin kakana shi ne cewa akwai ragon da ba a sayarwa. Ko da dillalai sun taya shi da tsada ana gab da Babbar Salla, sai ya ce da su, "Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?" Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wannan hikima da kuma halin da take ciki a yau.

Tumakinmu da yadda ake zaɓensu

Manyan ire-iren tumakin Arewa uku ne. Akwai 'Yankasa, farare masu baƙi a kewayen ido da kunne da baki, waɗanda suka fi kowane iri yawa da juriya. Akwai Uda, masu dogon kunne, gabansu baƙi ko ja, bayansu fari. Sai Balami na ƙasar Barno, fari tas, wanda ya fi su duka girma. Waɗannan siffofi sun tabbata ne saboda makiyaya sun daɗe suna zaɓen ragon da zai hau tumakinsu.

Kakana yakan duba faɗin ƙirji da tsawon baya da cikar cinya. Bugu da ƙari, yakan tambayi labarin uwar ragon: shin tana tagwaye? Tana da nono? Bayan shekara biyu sai ya yi musaya da wani makiyayi, don kada rago ya hau 'ya'yansa iri ya lalace. Dalilin wannan kulawa a fili yake. Tunkiya kan yi wata 5 da ciki ta haifi ɗaya ko biyu, amma rago ɗaya yana iya barbarar tumaki 30 ko fiye. Ke nan kyansa ko muninsa zai bazu a garke duka.

Abin da rubutu ya ƙara

Turawan da suka zo ƙasarmu suna da nasu tarihin a wannan fage. A Ingila, wani manomi mai suna Robert Bakewell (1725–1795) ya yi fice wajen zaɓen tumaki masu saurin ƙiba da yawan nama a gonarsa ta Dishley. Maimakon sayar da kyawawan ragunansa, sai ya riƙa ba da hayarsu ga manoma, yana bibiyar irin 'ya'yan da suka haifa. Da haka ne darajar rago ta koma kan zuriyarsa.

A nan Arewa, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya a 1928. A 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka yi nazari mai yawa kan 'Yankasa. Abin da masana suka ƙara a kan idon makiyayi shi ne sikeli da littafi: nauyin ɗan rago ranar haihuwa, da ranar yaye, da asalin iyayensa.

Kammalawa

Abin da ke damuna shi ne abin da nake gani a kasuwanni irin su Mai'aduwa da Maigatari da Wudil kafin layya. Ragunan da suka fi kyau su ne ake turkewa a ba su dusa da harawa, a yanka tun ba su bar baya ba, ƙanana kuwa su ke saura a gari suna barbara. In aka ɗore a haka, mu da kanmu muke zaɓen ƙanƙanta.

Don haka ina kira ga malamai da dattawa da su farfaɗo da al'adar keɓe ragon barbara a kowace unguwa, ɗalibai kuma su riƙa rubuta nauyin 'ya'yansa. Hausawa dai sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.