Makarantar L.E.A. da Iyayen Gijinta: Daga En'e Zuwa Ofishin Ilimi na Hunkuyi

Duk wanda ya bi hanyar Basawa daga Zariya ya nufi Hunkuyi zai riƙa ganinsu a bakin titi: dogayen azuzuwa masu rufin kwano, ga fili a gaba inda yara ke taron safe, ga allon suna da ruwa da rana suka ci. A wasu allunan an rubuta U.B.E., wato shirin ilimin matakin farko ga kowa, a wasu L.G.E.A., amma tambayi dattijon da ke zaune a gindin darbejiya, makarantar L.E.A. zai ce maka. Sunan da ya sani ke nan tun yana yaro. Waɗannan haruffa da ke sauyawa a kan allo su ne tarihin makarantar, domin kowane sauyi yana nufin ta koma hannun sabon ubangida.

Ubangida na farko ita ce En'e ta Zazzau. Bayan Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, elementare ta riƙa bazuwa a hankali zuwa garuruwan hakimai, kuma daga baitulmalin En'e ake biyan malamai. Ɗaukar yara a lokacin kamar karɓar haraji yake. Hakimi ya aika wa dagaci cewa ana son yara kaza, dagaci ya kira masu unguwanni. Attajiri da malami su san yadda suka yi suka kuɓutar da nasu, sai abin ya faɗa kan maraya da ɗan talaka. An ɓoye yara a rumbu, an tura wasu gabas karatun allo. Iyayen nan ba ƙin ilimi suke yi ba. Makarantar allo tana zaurensu, sun san malamin, su ke kai masa kuɗin Laraba. Bokon kuwa daga sama ta sauko, ba wanda ya nemi shawararsu. A ganina wannan tabo na farko bai gama warkewa ba har yau.

Dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962, zamanin Sardauna, ita ta kawo hukumomin ilimi na yanki, wato L.E.A. A shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga Hunkuyi. Kusancin nan ya kamata a ce ya yi wa yankin rana fiye da yadda ya yi.

Babbar girgiza ta zo a 1976. A shekarar aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, Ikara ta zama ƙaramar hukuma da ta haɗa har da ƙasar Makarfi da Kudan, inda Hunkuyi take. A watan Satumba kuma Janar Obasanjo ya ƙaddamar da U.P.E., firamare kyauta ga kowa. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba suka wayi gari da makaranta, wata a ƙarƙashin bishiya, wata a rumfar zana. Aka kwashi samari aka ba su horon gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a ɗaga iliminsu. Kada a raina waɗannan malamai. Da yawansu a kan keke suke ratsa fadama da damina, kuma mafi yawan ma'aikatan yankin da suka manyanta yanzu a hannunsu suka koyi baƙi da wasali na boko.

Da kuɗin mai ya ja baya, sai aka fara jifa da makarantar daga hannu zuwa hannu. A 1988 tarayya ta kafa hukumar firamare ta ƙasa. A 1991 aka rushe ta aka jibga wa ƙananan hukumomi nauyin, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni. A 1993 aka dawo da ita, tare da hukumar jiha da ofishin ilimi a kowace ƙaramar hukuma, wato L.G.E.A. Don haka da aka yanke Kudan daga Makarfi, wadda ita ma daga Ikara aka cire ta, a 1996 aka sa hedikwata a Hunkuyi, makarantun Likoro, Doka, Garu, Zabi da Kauran Wali sun samu Sakataren Ilimi a kusa da gida. Hedimasta ya huta da doguwar tafiya. Sai dai kuɗin albashi tun daga sama ake cire shi daga kason ƙaramar hukuma, gini da ɗaukar malami kuma sai abin da hukumar jiha ta ce.

Abin da ya biyo baya kowa ya shaida shi. Da gwamnatin El-Rufa'i ta fara ciyar da ɗalibai a Janairun 2016, azuzuwa suka cika har ba masaka tsinke, wasu yaran su ci su koma gona. A 2017 aka yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Akwai waɗanda da gaske ba su cancanci tsayawa gaban allo ba. Amma ƙauye ne ya fi jin jiki, domin sabon malamin da aka turo daga birni sau da yawa ba ya zama, sai ya yi ta neman canji.

Kuma har gobe jadawalin makaranta bai san fadama ba. Nan ƙasar rake ce da tumatir da tattasai. Idan lokacin tsinka ya yi, kwanduna na jiran mota a bakin lambu, uba ba shi da kuɗin leburori, yaro ɗan aji biyar shi ne hannun da yake da shi. Rajista ta nuna yara saba'in, benci ya nuna talatin. Maganin wannan ba ya hannun wani ofishi a Kaduna, yana hannun kwamitin makaranta da aka fara kafa irinsa tun 2006, inda mai unguwa da liman da mata da hedimasta ke zama tabarma ɗaya. Inda kwamitin ke da rai, idan iskar farkon damina ta yaye kwano, bayan sallar Juma'a ake yin karo-karo, kafinta ya hau da ƙusa kafin Litinin. Nan ne kuma liman ke tashi ya ambaci gidajen da 'ya'yansu mata suka daina zuwa aji, a tura wakilai su je su ji dalili.