Yadda Tattalin Arziki Ya Samu Digirin Kansa

A shekarar 1900, duk saurayin da ya isa Jami'ar Cambridge ta ƙasar Ingila da niyyar yin digiri a fannin tattalin arziki, sai dai a ba shi haƙuri, domin babu irin wannan digiri. Ana koyar da darasin, akwai ma farfesansa, amma a raɓe yake a jikin wasu fannoni biyu, wato falsafar ɗabi'a da tarihi. Yawanci ɗalibi kan rubuta 'yan takardu a kai, ya wuce zuwa abin da ya kawo shi.

Tunani a kan dukiya da kasuwa da haraji ya daɗe kafin jami'o'i su waiwaye shi. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa a kan yadda tsawwala haraji ke kashe sana'a har kuɗin shigar sarki su ragu. Adam Smith, wanda littafinsa na 1776 a kan dukiyar al'ummai ake ɗauka a matsayin tubalin fannin, farfesan falsafar ɗabi'a ne a Glasgow. Kujerun farko da aka keɓe wa darasin kuwa bukatar masu mulki ce ta haife su. Sarkin Prussia ya kafa biyu a 1727, a Halle da Frankfurt ta bakin kogin Oder, don a horar da ma'aikatan da za su riƙe masa baitulmali da gandaye. A Ingila, Thomas Malthus ya fara riƙe irin wannan muƙami a 1805, a kwalejin kamfanin East India, inda ake shirya samarin da za a tura su mulki Indiya su tara haraji. Wannan asali bai kamata a manta da shi ba: ɗaliban farko an koya musu yadda za su sarrafa dukiyar mutanen da ba su da ta cewa.

Mutumin da ya sauya lamarin shi ne Alfred Marshall. Lissafi ya karanta, ya zo na biyu a jarrabawar Cambridge ta 1865. Abin da ya ja shi zuwa tattalin arziki, kamar yadda ya faɗa da kansa, yawon da ya riƙa yi ne lokacin hutu a unguwannin talakawa na manyan birane, yana duban fuskokin mutane. Tambayar da ta dame shi ita ce ko talauci dole ne, ko kuwa abu ne da ilimi zai iya ragewa. Ya hau kujerar farfesa a 1885, ya fitar da babban littafinsa a 1890, littafin da ya zaunar da bayanin yadda bukata da wadatar kaya ke haɗuwa su yanke farashi. Amma kukansa ɗaya ne: haziƙan ɗalibai ba sa zuwa wurinsa, waɗanda suka zo kuma lokacinsu ya ƙare a wasu darussa. A ganinsa, fannin da ya shafi cin abincin miliyoyin mutane ya cancanci shekara uku cur na rayuwar ɗalibi.

Bai samu abin da yake so cikin sauƙi ba. Tsohon abokinsa Henry Sidgwick, masanin falsafa, bai gamsu a raba darasin da ilimin ɗabi'a ba. William Cunningham, limamin coci kuma masanin tarihin tattalin arziki, ya fi kowa zafi. Hujjarsa ita ce ƙa'idojin da Marshall ke koyarwa daga Ingila ta zamaninsu aka ciro su, kuma ɗalibin da bai san tarihi ba zai ɗauka haka duniya take a ko'ina, a kowane zamani. Marshall ya bi ta wata hanyar. Ya nuna wa hukumar jami'a cewa Jamus da Amurka na cim ma Birtaniya a masana'antu, kuma 'yan kasuwa za su kai 'ya'yansu wani wuri idan Cambridge ta tsaya. Barazanar ba ta baki ba ce kawai, domin Sidney da Beatrice Webb sun riga sun buɗe makarantar tattalin arziki ta Landan a 1895, Birmingham kuma ta buɗe tsangayar kasuwanci a 1902. A 1903 jami'a ta amince. Ɗaliban farko 'yan kaɗan ne, kuɗi kuma babu, har Marshall ya riƙa biyan wasu malamai daga aljihunsa.

Akwai tabo a wannan labari da ba ya ɓoyuwa. Matarsa, Mary Paley, tana cikin matan farko da suka yi karatu a Cambridge, ta koyar da tattalin arziki, kuma tare suka rubuta littafinsu na 1879. Duk da haka, da aka kawo batun ba mata digiri a jami'ar cikin shekarun 1890, Marshall ya tsaya da ƙarfinsa ya yi adawa. Sai a 1948 matan Cambridge suka samu cikakken digiri.

Ɗalibinsa mafi shahara, John Maynard Keynes, bai yi sabon digirin ba. Shi ma lissafi ya gama a 1905, ya saurari darussan Marshall na 'yan watanni, ya tafi aikin gwamnati, sannan ya dawo koyarwa. Littafinsa na 1936, wanda ya fito bayan rashin aikin yi ya durƙusar da Turai da Amurka, shi ya haifar da rabin manhajar da ake bi yanzu, ɓangaren da ke duban tattalin arzikin ƙasa a dunƙule. Wanda ya haɗa rabin Marshall da rabin Keynes cikin littafi ɗaya na 'yan shekarar farko shi ne Paul Samuelson na Amurka, a 1948. Daga nan lissafi ya yi ta mamaye fannin, abin da Marshall kansa ya yi ɗari-ɗari da shi. Duk da gwanintarsa, ya tura lissafinsa can ƙarshen littafi, ya kuma shawarci wani tsohon ɗalibinsa cewa duk sakamakon da ba za a iya faɗa da magana ta yau da kullum a kawo masa misali daga rayuwa ba, a watsar da shi.

Ta Landan digirin ya iso Najeriya. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa har zuwa 1962, don haka manhajar can aka ɗauko. Ojetunji Aboyade, wanda ya yi digirin digirgir a Cambridge ya koyar a Ibadan, yana cikin waɗanda suka tsara shirin raya ƙasa na 1970 zuwa 1974. A Ghana, shugabanta Nkrumah ya ɗauki Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia da ya yi karatu a makarantar Landan, a matsayin mai ba shi shawara a 1957. Lewis na cikin ƙalilan da suka fara tambayar ko ƙa'idojin da aka gina a kan masana'antun Ingila sun dace da ƙasar da akasarin mutanenta manoma ne. Tambayar Cunningham ce ta dawo daga bakin wanda mulkin mallaka ya shafa, kuma ina ganin har yau ba a ba ta haƙƙinta a ajujuwanmu ba, inda ɗalibi kan haddace zanen farashi bai taɓa nazarin yadda adashi ko bashin dillalin hatsi ke aiki ba.

Rikicin kuɗi na 2008 ya sake tayar da maganar a inda aka fara ta. Da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci makarantar Landan a Nuwamban shekarar, ta tambayi malaman me ya sa babu wanda ya hango abin. A 2011 wasu ɗaliban Harvard suka fice daga darasin shekarar farko, suna cewa ɓangare ɗaya ake nuna musu. Ɗaliban Manchester suka kafa ƙungiya suna neman a dawo musu da tarihi da sauran mazhabobin fannin. A 2013 wasu malamai ƙarƙashin jagorancin Wendy Carlin suka fara rubuta sabon littafin shekarar farko mai suna The Economy, wanda ake karantawa kyauta a intanet. Babinsa na farko ya buɗe da bayanin da matafiyi Ibn Battuta ya yi a kan yalwar abinci a Bengal cikin ƙarni na 14, sannan ya tambayi ɗalibi yadda aka yi wasu ƙasashe suka yi arziki wasu suka tsaya.