Abin da Ke Sa wa Tsohon Senti Daraja: Waiwaye a kan Tarihin Kwabon Amurka

1.0 Gabatarwa

Ran 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2025 gidan buga kuɗi na Filadalfiya ya buga senti na ƙarshe da aka yi domin ciniki a ƙasar Amurka, bayan shekara 232 ana buga shi. Dalili kuwa shi ne tsada, gama a 2024 kowane senti ɗaya sai ya ci wa gwamnati senti 3.69 kafin ya fito. Amma wannan kwabo da ya kasa biyan kuɗin ƙirarsa yana da 'yan'uwa waɗanda aka sayar a kasuwar gwanjo a kan dala dubu ɗaruruwa. A wannan takarda za mu bi diddigin inda wannan daraja take fitowa. Abin da muke so mu nuna shi ne, masu tara tsofaffin kuɗi ba tsufa suke saye ba, ƙaranci suke saye da lafiyar jikin kwabon, kuma sau da yawa kuskure ne yake haifar da ƙarancin.

2.0 Babban senti

A 1793 aka fara buga senti, babba ne mai nauyi, na tagulla zalla. A bayansa an zana sarƙa mai zobe 15, kowane zobe yana wakiltar jiha ɗaya. Jama'a ba su so ta ba, don a ganinsu sarƙa alamar bauta ce, ba ta dace da ƙasar da take alfahari da 'yanci ba. Kafin shekara ta ƙare an canza zanen, bayan an buga 36,103 kacal. Ƙin da aka yi masa a lokacinsa shi ne ya sa ya yi tsada daga baya.

Haka aka ci gaba da babban senti har 1857, sa'ad da tsadar tagulla ta sa aka koma ga ƙarami. Ganin tsohon yana ɓacewa daga hannun mutane ya sa wasu suka shiga neman na kowace shekara suna ajiyewa, har a 1858 aka kafa ƙungiyar nazarin kuɗi a birnin Niyok.

3.0 Senti mai hoton Linkon

A 1909, domin tunawa da cika shekara 100 da haihuwar Abraham Linkon, aka fito da sabon senti mai hotonsa. Wanda ya zana shi, Victor David Brenner, ya sa haruffan farko na sunansa, V.D.B., a bayan kwabon. Aka yi ca a kansa cewa ya tallata kansa da yawa, cikin 'yan kwanaki aka cire haruffan. Kafin nan Filadalfiya ta riga ta buga kusan miliyan 28, amma San Faransisko 484,000 kawai ta buga. Shekara ɗaya, zane ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma ƙaramin harafin S da ke ƙarƙashin shekarar shi ne ya raba na 'yan daloli da na ɗaruruwan daloli.

Misalin da ya fi kowane fito da wannan magana fili shi ne na 1943. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suna bukatar tagulla domin kwanson harsashi da wayoyi, sai aka buga senti na wannan shekara da baƙin ƙarfe wanda aka shafe da tutiya. Irin wannan an buga sama da biliyan ɗaya. Sai dai wasu 'yan ƙwayoyin tagulla na 1942 da ba a kai ga bugawa ba sun maƙale a cikin manyan akwatunan da ake zuba su, suka bi sahun na baƙin ƙarfe, aka buga musu 1943. Waɗanda aka tabbatar da sahihancinsu ba su kai 40 ba. Guda ɗaya tak aka sani daga gidan buga kuɗi na Denba, kuma a 2010 an sayar da shi dala miliyan 1.7.

Akwai abin lura ga manazarcin tarihi a nan. A 1947 wani ɗalibi ɗan shekara 16 a jihar Masacusets ya sami irin wannan senti cikin canjin da aka ba shi a ɗakin cin abinci na makarantarsu. Da ya rubuta wa Ma'aikatar Kuɗi, amsar da ya samu ita ce duk senti na 1943 na baƙin ƙarfe ne. Ya ajiye abinsa har ya rasu, a 2019 aka sayar da shi dala 204,000. Watau takardar hukuma ta musa, ƙarfen kuwa yana hannu. Mu da muka saba dogara da rahotannin gwamnati a ɗakunan adana tarihi, ya kamata wannan ya sa mu yi hattara.

Inda duk aka ji kuɗi, mazambata ba sa nisa. Wasu sukan shafe na baƙin ƙarfe da ruwan tagulla, wasu kuma su kankare lambar 8 ta 1948 ta koma kamar 3. Na farkon maganaɗisu yake tona asirinsa, domin yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama tagulla. Na biyun sai gwani ya duba siffar lambar.

A 1955 ma kuskure ne ya yi aiki. Hatimin ƙarfen da ake buga kwabon da shi ya goce wajen ƙera shi, sai rubutu da shekara suka fito biyu-biyu. Ma'aikata sun gani, amma wajen 20,000 zuwa 24,000 sun riga sun gauraya da sauran, aka bar su suka fita. Da yawa a cikin kwalin taba sigari aka tsince su, inda kamfanoni suke cusa canjin senti biyu ga mai saye daga na'ura.

4.0 Lafiyar jiki, da wani misali na gida

A 1949 William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 domin auna lafiyar manyan senti na farko, daga baya aka ɗauke shi ga sauran kuɗin ƙarfe. Kwabon da bai taɓa shiga kasuwa ba ya fi wanda hannaye suka cinye nesa ba kusa ba. Wanda kuwa ya goge tsohon kwabo don ya yi ƙyalli, ya rage masa daraja da hannunsa.

Za mu iya gwada wannan ƙa'ida da abin da iyayenmu suka riƙe. Sarki Edwad na 8 bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba, ya hau a Janairu 1936 ya sauka a Disamba. A Ingila ba a fitar da kuɗi mai hotonsa ba, amma a Afirka ta Yamma an fitar da kwabo da ɗari da anini masu huji ɗauke da sunansa, tun da su ba su da hoto. Mai jin wannan labari sai ya zaci dukiya ce a gidansu. To amma miliyoyi aka buga, saboda haka ba su da tsada a wajen masu tarawa.

A ra'ayinmu, a nan ne kasuwa da tarihi suke rabuwa. Senti na baƙin ƙarfe, wanda ba ya wuce 'yan kwabbai, ya fi na dala miliyan 1.7 ba da labarin yadda yaƙi ya shiga aljihun talaka. Haka kuma na 1982, lokacin da aka mai da senti tutiya mai ɓawon tagulla, nauyinsa ya sauko daga giram 3.11 zuwa 2.5. Tun daga nan mutane suka riƙa tsince tsofaffin suna ɓoyewa saboda ƙarfensu, har a 2006 hukuma ta haramta narkar da su. Masu fatar cewa dakatar da bugu a 2025 zai tsadar da abin da ke cikin gwangwanayensu kuwa, sai su tuna a 2024 kaɗai an buga sama da biliyan 3.